Muryar da Ta Ɓace a Fiyanon Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a wannan sana'a tawa, waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin in gano su. Amma akwai guda ɗaya da na san, in dai ba hankalina Allah Ya ɗauke ba, da shi zan shiga kabari. Aikin wani tsohon fiyano ne da aka kira ni in gyara a wani gida cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Galadima.

Na san mai karatu zai ce, fiyano kuma a cikin birni? Ni ma abin da na fara cewa ke nan.

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. Wajen bautar ƙasa aka tura ni wata makaranta a kudu, inda na haɗu da wani dattijon malami mai kula da fiyanon makarantar. Ya ga ina yawan leƙe in ya buɗe shi, sai ya ja ni a jiki ya koya mini abin da ya sawwaƙa. Da na dawo gida, unguwarmu ta Tukur-Tukur a Zariya, aiki bai samu ba, sai 'yar koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ranakun hutu nakan zaga Sabon Gari da Wusasa ina gyara wa mutane kayan kiɗa. A gida kuwa in an tambaye ni, cewa nake gyaran kayan lantarki nake yi, wanda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ni mutum ne mai fargaba tun ina yaro. Ko ƙofa na kulle sai na koma na sake taɓa kwaɗon. Na faɗi wannan ne don a fahimci abin da zai biyo baya.

Wata rana an tashi makaranta, sai aka ce wata mata na nemana a bakin ƙofa. Ma'aikaciyar jinya ce, daga wurin aiki take, ta girme ni nesa ba kusa ba. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, an ce kai ne mai gyaran fiyano."

Na ce, "To, ina ɗan taɓawa dai, Anti. Ban ce na iya sosai ba."

Ta ce, "Ni ba mai kunya na zo nema ba, mai gyara na zo nema."

Nan ta ba ni labari a tsaye. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ta rasu watannin baya. Mahaifinsu bai zubar da hawaye ko ɗaya ba. Shi ya riƙa ba masu ta'aziyya haƙuri, har mutane na yaba ƙarfin imaninsa. Bayan an yi sadakar arba'in ya shiga ɗakin marigayiyar, inda fiyanonsa yake, ya ɗan taɓa shi, ya fito ya ce abin ya rasa muryarsa. Tun daga ranar abinci ya fita ransa. In an matsa masa sai ya kurɓi koko ya ture. An kai shi asibiti, an yi duk gwajin da za a yi, ba a ga komai ba.

Ta ce, "Malam, a asibiti nake aiki. In mutum ya fara sakin duniya ina gane shi. Baba ya fara. Ba ya maganar komai sai fiyanon nan. In ka dawo masa da muryar, wataƙila shi ma ya dawo mana."

Ni da na saba a ce mini ga waya ta tsinke, ga madanni ya maƙale, yau ga ran mutum an ɗora mini. Na ce zan zo in duba, amma ban yi alkawarin komai ba. Ta ce ta ji, in dai zan zo.

Ranar Asabar na ɗaura jakar kayana a bayan babur na shiga birni. Tsohon gida ne na ƙasa, mai zaure biyu, da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Baba na zaune kan tabarma a inuwarta. Dogo ne, ya rame har rigar ta yi masa yawa, amma idonsa tar. Tsohon malamin kwalejin horon malamai ne. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya.

Ya ce, "Kai ne likitan? To injiniya, tashi mu je ka ga majinyacin."

Ɗakin marigayiyar wayam yake. Babu gado, babu kabad, babu komai a bango, in ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Fiyanon kaɗai ke tsaye jikin bango, irin dogon nan mai kama da kabad, baƙi, fentinsa ya dusashe. A samansa na ga wasu zagaye-zagaye, manya da ƙanana, kamar tabon da tukunya ke bari a ƙasa. Na sa tsumma na goge, ba su fita ba, na rabu da su. Har daɗi na ji da na tarar da saman babu komai, domin darasin farko da malamina ya koya mini shi ne, kafin ka fara neman inda fiyano ke kuka, ka sauke duk abin da ke kansa. Na ce a raina an rage mini aiki.

Ina kwance katakon gaba Baba na ba ni tarihinsa. Wata Baturiya ce ta koya masa kiɗan yana ɗalibi. Da ya dawo kwalejin a matsayin malami, aka tashi zubar da tsofaffin kaya, sai ya roƙa aka bar masa fiyanon. A kan amalanke aka shigo da shi birni, an lulluɓe shi da tabarmi.

Ya ce, "Tsohona malami ne, yana da rai a lokacin. Da ya ji an shigo masa da kayan kiɗan coci gida, da ni da fiyanon duk a waje za mu kwana. Mai ɗakin nan tana amarya, ita ta ce a sa mata a ɗakinta, tunda maza ba sa shiga. Ta san dabarar da ta yi, ko matan da ke shigowa ba wadda ta taɓa tambaya. Ita ta rufa mini asiri."

Ban tambaye shi wace dabara ba ce. Hankalina na kan wayoyi.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin fiyano ba, wayoyin ƙarfe ne a ɗaure tamau, jere reras, kamar tsirkiyar garaya amma masu yawan gaske. Kowane madanni ka danna, wata 'yar guduma mai hular ulu ce ke tashi ta bugi wayarta. A bayan wayoyin akwai faffaɗan allo na katako, shi ke ɗaukar sautin ya ƙara masa amo. In wani abu ya saki a cikin waɗannan, sai ka ji wata ƙara na bin sautin, zirrr, kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Ni kukan ƙuda nake ce masa. Kuma maƙaryaci ne, za ka rantse daga hagu yake fitowa alhali yana dama. Hanyar kama shi ita ce wani ya riƙa danna madannin, kai kuma kana bin sassan da hannu kana dafawa ɗaya bayan ɗaya. Inda ka dafa kukan ya tsaya, nan ɓarawon yake.

Anti ta zauna tana danna mini, ni ina bi. Ba a jima ba muka kama guda a wajen manyan wayoyi masu kaurin murya. Irin waɗannan ana naɗe su da jan ƙarfe, to naɗin ɗaya ya yi sako-sako. Na sassauta wayar, na zare ta daga maƙalinta na ƙasa, na murɗa ta ta bin yadda naɗin ya tafi, na mayar na ɗaure. Kukan ya ɗauke. Na bi sukurori na ƙara musu ƙarfi, domin zafin rani yakan busar da katako su yi lako-lako. Na kwashe tarkacen da ɓera ya tara a ƙasa. Sannan na bi wayoyin na saita muryarsu. Ban ɓoye ba, na ji daɗin aikina ranar.

Baba ya zauna, ya yi bismilla a hankali, ya ɗora yatsunsa. Wata waƙar dandali ce ta zamanin samartakarsu, ya mai da ita a hankali kamar mai rarrashin yaro. Ban taɓa jin an kaɗa waƙar Hausa haka a fiyano ba. Yana cikin tafiya sai ya tsaya cak.

Ya ce, "Sannu da aiki, injiniya. Ka yi ƙoƙari. Amma ba shi ba ne."

Ya nuna mini wani madanni da ke ɗan dama da tsakiya. "Wannan. Da, in na taɓa shi akwai wata 'yar murya da ke biyo shi a baya. Siririya, kamar ka yi sallama wani ya amsa daga cikin gida. Yanzu shi kaɗai yake fita, kamar maraya."

Na danna madannin. Lafiyarsa lau, garau yake fita. Na ce, "To Baba, mai yiwuwa gudumar ce ta taurare. Ban tabbata ba dai, amma zan dawo in duba."

Na dawo, na sake dawowa. Ulun gudumar ya yi tauri, wayoyi sun yi masa zane, sai na goge shi da takardar gogewa na soka masa allura don ya yi laushi. Baba ya ce muryar ta shaƙe. Na ƙara masa ɗan tauri, ya ce yanzu kuma tsiwa take. Wannan madannin wayoyi uku gare shi, na yi tunanin ko da can ɗaya ta ɗan saɓa wa 'yan uwanta ne har ya saba da jin haka, sai na sassauta ta kaɗan. Ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ai ciwo ne, mayar." Muka janye fiyanon daga bango na haska bayansa da tocila, na sami inda wani katako ya fara rabuwa da allon, na sa gam na matse. A can ƙasa na tsinci wani tsinken kitso na ƙarfe. Na ce ko shi ne ke jingine da waya da can. Na gwada shi a wurare daban-daban, babu. Na miƙa wa Anti, ta juya shi a hannunta, ta gane na Inna ne, ta soke a gefen ɗankwalinta.

Duk zuwan da na yi fiyanon na ƙara kyau, Baba kuma na ƙara cewa, "Injiniya, kullum kana daɗa nisanta shi." Daga baya ma ya daina shiga ɗakin. Sai a shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, bayan labule, ya kwanta yana saurare. Na lura tashi ma ya fara yi masa wuya, sai an kama shi.

Abin ya hana ni sukuni. Ko a aji nake, ina rubutu a allo, madannin nan nake ji. Na fara tunanin ko dai matsalar ba a fiyanon take ba. Wata rana Anti ta rako ni zaure, na yi ta kame-kame, can na ce, "Anti, wani lokaci in shekaru sun ja, kunne yakan daina jin siraran sauti. Kuma baƙin ciki ma, an ce, yakan sa mutum ya ji kamar... ban ce haka ne ba fa."

Ta ce, "Kana nufin Baba ya fara ruɗewa?"

"A'a, wallahi ban ce ba."

"To me ka ce? Kai kullum ba ka ce ba. Malam, mutumin nan daga ɗakinsa yake gane wanda ya shigo zaure da jin takunsa. In ya ce akwai murya, akwai ta."

Na hau babur na tafi gida. Na yanke shawarar in na koma zan gaya musu gaskiya, abin ya fi ƙarfina, su nemi wanda ya fi ni.

Ranar da na koma da wannan niyya, na ƙara dubawa sama-sama don kada a ce ban yi komai ba, sannan na fara tattara kayana. Ina da wani tsohon gwangwanin alewa mai murfi da nake zuba sukurori a ciki. Ban taɓa ɗora komai a kan fiyanon da nake gyara ba, amma ranar hankalina ba ya jikina, sai na ɗora shi a sama ina naɗe jaka. Kafin in rufe murfin madannan, na sa yatsa na danna madannin nan, kamar mai sallama.

Zirrr.

Daga bayan labule na ji murya da ƙarfin da ban san Baba na da sauransa ba. "Tsaya! Injiniya, me ka taɓa?"

Na ce, "Ba komai, Baba, ina dai gwadawa ne."

"Sake!"

Na sake.

"Ba shi ba ne, wannan ya yi kaushi. Amma ɗan uwansa ne. Ka kusa, ɗana, ka kusa."

Na ɗaga gwangwanin na danna, shiru. Na mayar na danna, zirrr. Sai idona ya sauka kan zagaye-zagayen nan da na yi ta gogewa tun ranar farko. Na san wannan a karatu, na san shi a aiki: kowane abu yana da sautin da in aka buga kusa da shi zai amsa. Murfin kwano, gilashin taga, firam ɗin hoto. Sau nawa na kori irin wannan kukan a gidajen mutane ta hanyar ɗauke wani abu kawai. Bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa wata rana za a kira ni in nemo wanda aka riga aka ɗauke.

Na yafito Anti, na yi ƙasa da murya na ce, "Me ke kan fiyanon nan da?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Jeren Inna mana."

Ashe dabarar ke nan. Tun ranar da aka shigo da shi, Inna ta rufa masa zane mai ado ta jera kwanukan aurenta a kai, samiru da langogi da tasoshi, har kusa da rufi. Duk macen da ta shigo kabad take gani. Fiye da shekara arba'in Baba bai taɓa jin fiyanon nan a gidansa babu jere a kansa ba. Da ta rasu aka zo rabon gado, aka fito da kayan ɗakin tsakar gida kamar yadda aka saba. Da aka zo kan kwanuka, Baba ya ce ya bar wa yara rabonsa. Anti ta ce har ɗan murmushi ya yi, ya ce, "Ni me zan yi da kwanukan mata?"

Na ce, "To ai da yawa ne. Ban san ko za mu gane wanne ne ba, ko ma duka ne suke amsawa tare."

Ta bi saman fiyanon da kallo. Can ta ɗora yatsa a kan wani ƙaramin zagaye da ke can gefen dama, wanda ya fi sauran zurfi. Ta ce akwai wata 'yar farar langa mai koren baki, murfinta ya ɓantare, ba ta dace da sauran jeren ba ko kaɗan. Sun sha yi wa Inna tsiya ta jefar da ita, ta ƙi. In za ta wanke jere, sai ta bari Baba ya tafi masallacin Juma'a, kuma langar nan ake fara mayarwa. Sau ɗaya Anti tana yarinya ta ɗauke ta ta kai wa maƙwabta miya a ciki, Inna ta sa ta koma da gudu ta karɓo.

Langar tana wurin ƙanwar Inna, a wani ƙauye bayan dutsen Kufena. Su Anti ne suka ba ta don ta riƙa tunawa da 'yar uwarta. Washegari muka tafi tare. Mun sami tsohuwar tana sussukar dawa. Da Anti ta faɗi abin da ya kawo mu, ta riƙe haɓa.

"Oh ni! Duk kayan 'yar uwata tsohuwar langa aka ga damar ba ni, ita ma an biyo sawu? To daddawata ce a ciki, sai ku haɗa da ita."

Anti ta ce, "Iya, ba don mu ba ne. Baba ne. Fiyanonsa ne ya..."

Ba ta ƙarasa ba tsohuwar ta ajiye taɓarya. Ta dubi Anti, ta dube ni, ta ce, "Ashe har ta tafi ba ta gaya masa ba?"

Ta zauna a kan turmi ta ba mu labari. Lokacin da Inna da Baba suke sabon aure, wata rana yayarta ta ɗauke langar ta zuba gishiri. Malam, wato Baba, ya dawo ya taɓa fiyanonsa, ransa ya ɓaci, ya ce damina ta lalata shi, ya kwana biyu ba walwala. Ita kuwa tana lura. Ta juye gishirin ta mai da langar inda take. Da ya sake taɓawa sai ga shi ya fito tsakar gida yana murna, wai abin ya warke da kansa. Iya ta ce, "Ta zo nan tana ba ni labari muna ta dariya. Na ce ki gaya masa mana. Ta ce a'a, bar shi, namiji ne, ya ɗauka gwanintarsa ce."

Tana dariya hawaye na zuba. Da kanta ta juye daddawar a ƙwarya, ta wanke langar da toka har sau biyu, ta goge ta da bakin zanenta ta miƙo.

A hanya tsorona ya dawo. Na ce, "Anti, ina ganin, ban sani ba dai, ko in sami ɗan gwangwani in ɗaura a ciki ta baya inda ba zai gani ba. Zai ji muryarsa, shi ke nan. Ina tsoron in ya san gaskiya abin ya yi masa nauyi, ga jikin yadda yake."

Ta ce, "Inna ta ɓoye masa ne don tana nan tana mayar masa da ita. Yanzu ba ta nan, me ya rage da za mu ɓoye?"

Muka ci gaba da tafiya.

Bayan la'asar muka kama Baba muka shigar da shi ɗakin, muka zaunar da shi. Anti ta fito da langar daga mayafinta. Gindinta ya zauna a kan zagayen nan daidai, kamar an auna. Baba ya bi ta da kallo, ya ce, "Wannan kuma fa? Ba tsohuwar langar uwarku ba ce?"

Anti ta ce, "Ita ce. Kaɗa, Baba."

Ya fara waƙar nan tasa. Ni ina tsaye jikin bango, ina addu'a a zuci, domin har lokacin ban tabbata ba. Da ya iso madannin, murfin langar ya amsa. Ba irin kaushin gwangwanina ba. Wata 'yar siririyar ƙara ce, tana biyo sautin a baya ta ɗan jima kafin ta ɓace. Wallahi kamar yadda ya faɗa, kamar an amsa sallama daga cikin gida.

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya sake dannawa, ta amsa. Ya miƙa hannu ya dafa murfin ya danna, shiru. Ya ɗauke hannun ya danna, ta amsa. Ba wanda ya yi masa bayani, malami ne.

Ya ce, "Ta sani?"

Anti ta durƙusa kusa da shi ta gaya masa abin da Iya ta faɗa, har da maganar gishirin, har da ta gwaninta. Ya saurara bai katse ta ba.

Can ya ce, "Shekara da shekaru ina yi mata gorin ba ta san kiɗa ba. In na gama in ce mata, ke dai tuwo kika iya. Ta ce, to Malam." Ya ƙara da cewa, "Ashe mu biyu muke kaɗawa."

Sai ya kifa goshinsa a jikin fiyanon ya fashe da kuka. Kukan da bai yi ba ranar jana'iza, bai yi ba ranar uku, bai yi ba ranar arba'in. Ban taɓa ganin dattijo na kuka haka ba, kafaɗunsa na girgiza, madannan da ƙirjinsa ya danne suna ta gunji. Anti ta riƙe shi ita ma tana yi. Na ɗauki jakata na fita zaure na zauna, domin wurin ba nawa ba ne.

Da magariba ta kusa Anti ta leƙo, idonta jawur. Ta ce, "Ya ce a ɗumama masa tuwo."

Ba zan ce ya warke ba, don ban ga haka ba. Amma ya koma cin abinci, ya koma fita masallaci da sanda. Anti ta ce ya fara ba jikokinsa labarin kakarsu, abin da da ko sunanta aka ambata sai ya tashi. Kullum bayan la'asar yakan shiga ɗakin ya kaɗa waƙar nan guda ɗaya ya fito. Ya ga ƙarshen damina, ya ga kaka. Kafin wata daminar ta zagayo Allah Ya karɓi abinSa. Har yau nakan tambayi kaina ko da na bi shawarata ta ɗaura gwangwani a ɓoye zai fi daɗewa, ko kuwa da tuni ya riga ya tafi. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ya tafi yana sane da abin da aka yi masa, kuma ina jin ya fi son haka.

Bayan rasuwarsa iyalan suka ba wata makaranta fiyanon, ni na raka shi na saita shi a can. Langar kuwa Anti ta mayar wa Iya. Malamin kiɗan makarantar ya gwada shi ya yi ta yabo, ya ce bai taɓa jin tsohon fiyano mai tsabtar murya haka ba, ko ɗigon kuka babu. Na yi godiya. Da ya juya baya na danna madannin nan. Garau ya fita, shi kaɗai.

Har yanzu ina wannan sana'a, kuma har yanzu ina korar kukan ƙuda daga fiyanon mutane, domin mafi yawansa ciwo ne da ke son magani. Amma tun daga kan Baba, ba na taɓa komai sai na zaunar da mai abin na tambaye shi yadda muryar take a kunnensa da, da wanda ke cikin ɗakin lokacin da take da daɗi. Na koyi cewa ba duk abin da littafi ya kira aibi ne aibi ba. Na kuma koyi wani abu da ya fi wannan nauyi: daɗin da mutum ke ji a rayuwarsa, wanda yake ɗauka gwanintarsa ce, sau da yawa wani ne a gefe yake mayar masa da 'yar langa wurinta bai ce komai ba. Wanda duk ke da irin wannan mutum a gidansa, ya neme shi ya gane shi tun ana amsa masa sallama.

Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya haɗa su a inda ba a rabon kaya.